Bindigar Angona

Zuwa ga 'yata Ladi, a Mai Wurno.

Gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki, ina yara, yaya ƙafar nan taki? Mu nan Ruwais lafiya lau.

Ɗanki Sani, angon nawa, ya zama jarumi. Ya sayo ƙaramar bindiga hannun wani ɗan jirgin ruwa, ba takarda, wai musaddas. Ya kai ta bayan gari gwaji, harsashi shida, gwangwanin da ya auna bai ko motsa ba. Duk da haka kullum tana soke a ƙugun wandonsa.

Ranar Juma'a ya tsuguna gaida ni, sai tazuge ya saki, bindigar ta zame kan tabarma bai sani ba, ga maƙwabcinmu askari, wato ɗan sanda, a bakin ƙofa. Da ya gani, halas, shi ke nan, iƙama, takardar zaman Sani, ta tafi, sai kurkuku. Na baza zanena na zauna a kanta.

Na ce, "Angona, ka rame, har wando ya ƙi ka."

Washegari na jefa ta teku. Har yau yana ɗaga katifu, ya kasa tambayar kowa.

Ki sa shi a addu'a, Allah ya ba shi hankali. Ki gaida Baba Audu.

Mahaifiyarki,
Hajiya Kande