Fim ɗin da na tura wa Yaya Sale

Daren Laraba, Jibiya

Duk wanda ya zo rumfata a tura mishi fim a waya, na Indiya yake so. Akwai wani tsohon fim na Turawa marar kala, ba mai tambayar shi. Labarin direba ne da ya ɗauki kayan ɓarayi sau ɗaya tak, bai ƙara samun barci ba.

Shekaranjiya na tura wa Yaya Sale, na ce, "Yaya, daure ka kai ƙarshe." Na ji ana lallaɓa shi ya tsallaka Maradi a babur ɗinshi daren Larabar nan da wasu buhuna da aka hana shi buɗewa, ni kuwa ƙane ne, ba ni da bakin yi mishi faɗa.

Yau ya zo, ya daɗe tsaye, ya ce, "Shi direban nan, ba shi da ƙane ne?"

Na leƙa yanzu, babur ɗinshi na zaure.