Launin da Ba a Rina Ba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya idon Baba? Ni lafiya lau, hannuna ne kawai ya tsattsage da wankin kwalabe.

Ran Talata da safe na shiga ɗakin gwaji, na tarar kwalbar da muka bari da ruwa fari kamar madara ta koma shuɗi da kore, sai ka ce wuyan tattabara. Shugabata ta ce ba rini a ciki. Wai ƙwayoyi ne ƙanana, in aka bar su ba motsi sai su jera kansu, haske ya sauka musu ya fito da launi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, babana marini ne, ba ni ɗaya in aika masa." Ta girgiza kwalbar, nan take ruwan ya koma fari. Ta ce, "Ka gani? Hanya ba za ta bar shi ba."

Yaya, tsakaninki da Allah, Baba yana bambance shuɗi da kore har yanzu? Bana ma ban samu hutun zuwa gida ba. Ki karanta masa wannan a hankali. In ya ce zuƙi ta malle ce irin tawa, ki ce masa mai gadin wurin aikinmu ma ya gani.

Ƙaninki.