Kafin Ki Ga Tashar Jirgin da Idonki

Zuwa ga Malamata, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da na jingina da ita shekara arba'in da uku ba ta taɓa gusawa ba, uwar 'ya'yana, kakar jikokina,

Ki tsaya, kada ki yi sauri. Wannan da kike kallo rubutuna ne. Nawa, da hannuna, ni kafintan nan da kika aura yana dangwala yatsa a takarda! Ba ki taɓa ganinsa ba, don sai da yanar ido ta rufe miki gani sannan na shiga ajin manya na yamma, ina da shekara sittin da ɗaya, ina zama kan bencin da ni na ƙera shi. Na san layukan sun karkace kamar katakon da ya sha ruwa. Amma yau idonki yana tafiya a kan abin da hannuna ya yi. Wa ya taɓa zaton haka?

Ina shago da ƙusa uku a bakina babbar 'yarmu ta kira. Ba sallama, ba gaisuwa, sai ihu: "Baba, ta gani! An cire bandejin, Mama ta gani!" Saura kaɗan in haɗiye ƙusoshin. Na zauna daɓas a kan garin katako, ina ta tasbihi. Shekara bakwai kina ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, sai wani likita da bai kai autanmu shekaru ba ya yaye miki shi kamar labule, cikin lokacin da bai wuce na shan shayi ba! Wannan iko ya fi ƙarfin tunanin kafinta. Kuma a ce abin da kika fara gani bayan fuskar nas shi ne jikanmu ɗan kwana goma sha tara! An ce kin daɗe kina kallonsa, sannan kika ce, "Allah sarki yaro, hancin kakansa ya kwaso." Na ji, na gode. Ki gaya wa wannan sabon angon naki ya bi ni a hankali, gadon da zai kwana a kai yana hannuna, saura ƙafa ɗaya da fenti.

Gadon nan ne ma ya raba ni da ke, ke kika kore ni daga can wajen 'yarmu in zo in ƙarasa shi, ga likita ya hana ki ƙurar shagona har kwana goma. Kwana goma, hasken gidana! Falon ya yi mini faɗi. Na kan kunna talabijin, in tsinci kaina ina yi wa gefenki na kujera bayani: ga shi ya shigo, ga ta ta ɓuya bayan ƙofa. Sai in juya in ga matashin kai.

'Yarmu ta ce an yarje miki kallo na awa ɗaya a rana, da ta tambaye ki me za ta kunna, kika ce, "Tambayi babanku, shi ne allona." To, allonki ya amsa.

Ki fara da sabon wasan barkwancin nan na ranar Talata, na tsohon direban da ya yi ritaya ya ce zai riƙa gyare-gyare a gida, matarsa tana ɓoye masa guduma a cikin firij. Kin san muryoyinsu, kin sha ce mini, "Ga ɗan'uwanka nan." Amma akwai abin da na kasa kawo miki da baki: girar matar nan. Duk sanda ya ce "bar ni da shi", sai girarta ta hagu ta tashi ita kaɗai, a hankali, kamar mage ta ji motsi. A nan mutanen da ba a gani suke fashewa da dariya, ke kuma ki dungure ni ki ce, "Me ya faru?" in ce ta ɗaga gira, ki ce, "Shi ke nan?" Ba shi ke nan ba ne, Malama. Ki gani da kanki. Ki kuma duba madubi, don na san inda na fara ganin irin girar nan. Akwai wani sabon kuma da aka fara bayan tafiyarki, na mai koyar da tuƙi da yake tsoron mota. Bai kankama ba tukuna, amma ɗalibarsa tsohuwa mai taka birki da ƙafa biyu ta isa a zauna dominta.

Ranar Asabar da la'asar tashar nan ta biyu tana dawo da gajerun wasannin dariya na da, masu fari da baƙi. Kin tuna? Muna sabon aure, ba mu da ko rediyo, muka tsaya gaban gilashin mai sayar da talabijin cikin mutane, ba ma jin sauti. Aka nuno kafintoci biyu suna kafa ƙofa a juye, duk wanda ya buɗe ta sai ta maka wa na bayansa. Na manta inda nake, na ɗaga murya na ce, "Kai, ku juya ta, maɗaurin yana sama!" Kika yi dariya har kika riƙe hannun rigata don kada ki faɗi, hawaye yana bin kumatunki, fitilar shagon tana wasa a cikin idanunki kamar wata a cikin rijiya. A ranar na ce a raina, in dai wannan dariyar za ta shiga gidana, ban roƙi komai ba kuma. Sun nuna shi makon jiya. Mutanen nan ƙila sun daɗe da barin duniya, amma ga su a akwati suna ta kafa ƙofarsu a juye, ni kuma, tsoho da jika shida, na sake yi musu tsawa. Ba abin mamaki ba ne wannan?

Yanzu na zo inda alƙalamin ya yi mini nauyi.

An ce kin ji ana tallar za a maimaita wasan yaƙin nan daga Litinin, kika ce shi kike so ki gani kafin komai, don ki ga fuskar yaron nan direban motar asibiti, wanda kike cewa dariyarsa irin ta ƙaninki ce, Allah ya jiƙansa. Kin san da yarensu suke magana, ni nake karanta miki rubutun da ke ƙasan allo. Da farko rubutun yana guduwa ya bar ni a tsakiyar kalma, ki ce, "Ɗalibi, malamarka ta ajin yamma ba ta koya maka gudu ba?" Kashi ashirin da shida muka yi, ni ido, ke kunne. Kika riƙa yi wa yaron addu'a kamar ɗan cikinki. Ranar da motarsa ta maƙale a laka ana ruwan wuta, ba ki taɓa abincinki ba.

A kashi na ƙarshe uwarsa ta je tashar jirgin ƙasa. Ba magana, ba rubutu a ƙasan allo, sai kiɗa. Kika kama gwiwata kika ce, "Ya sauko? Gaya mini, ya sauko?" Na ce miki, ga shi nan, ya rame amma da ƙafafunsa, ga uwar ta rungume shi. Kika ɗaga hannu sama kika ce, "Alhamdu lillahi, yau zan yi barci."

Malamata, bai sauko ba. Jirgin ya tsaya, sojoji suka yi ta fita, kowa da nasa, har dandalin ya zama fanko. Sai wani hafsa ya zo ya cire hularsa, ya miƙa wa uwar jakar yaron. Ta karɓa, ta zauna kan benci, ta ɗora ta a cinya tana shafawa. A haka aka ƙare.

Shekara biyu ke nan ina riƙe da wannan. A makon ne likitan farko ya ce ba ya jin za a iya yi wa idonki komai, kika dawo gida, kika ɗauko mayafin keken ɗinkinki kika rufe shi. Na dubi fuskarki, na dubi allon, na kasa ƙara miki ko da ƙwayar baƙin ciki. Amma ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Kin ba ni amanar idonki, ke da kika yi fiye da shekara talatin kina karanta mini takardu ba ki taɓa ƙara mini harafi ko rage shi ba. Ni kuma sau ɗaya aka gwada ni, na canza miki duniya. Har kina ba maƙwabciyarmu labarin yadda ya dawo, ita da ta kalla, tana hararata ta saman kanki, ina roƙonta da ido. Na rantse miki wannan kaɗai ne. In ban da rigar mai karanta labarai da na ce ba ta yi mata kyau ba. Ta yi mata.

Ina cikin farin cikin da ban taɓa sanin irinsa ba, amma a ƙarƙashinsa akwai tsoro, kamar tsakuwa a cikin takalmin biki. Yanzu da kika samu idonki, me za ki yi da bakin da ya taɓa yi miki ƙarya? Za ki koma baya ki riƙa tambayar kanki, shekara bakwai ɗin nan wanne ne gaskiya cikin abin da tsohon nan ya gaya mini? Da na iya yin shiru har ki kai kashi na ashirin da shida ki gano da kanki. Na gwammace ki ji daga gare ni, ki yi fushinki da hujja.

Abu ɗaya nake roƙo, ya sanyin raina. Ki kalli masu ban dariyar duk a can, ke da 'yarki da jaririnku, ki yi dariya har nas ta ce ki rage. Amma na yaƙin nan, ki jira ni. Na sa surukinmu ya nuna mini yadda ake ajiye shiri a akwatin, ba kashin da zai wuce mu. Zan zauna a gefenki bakina a rufe, ki karanta rubutun da kanki, ki ga fuskar yaron, ki ga lakar, ki ga tashar. A ranar can ina faɗa miki ya dawo, hawaye yana shiga mini baki, ina danne numfashi don kada ki ji. Ke kika yi murna ke kaɗai, ni na yi kuka ni kaɗai, a kujera ɗaya. Ba na son mu ƙara yin haka. In mun kai tashar jirgin nan, mu yi kukan tare.

In kin yafe, ki sa 'yarmu ta kira ni. In ba ki yafe ba tukuna, ki sa ta kira ni duk da haka, ki yi mini faɗan da bakinki, zan tsaya in ji har ƙarshe.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da nawa idon zai rufe,

Kafintanki