Sunana Ba Ya Cikin Gado

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Liti ɗan Malam Ahmad, mai sayar da hatsi a Karaye, nake wannan wasiyya da cikakken hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya yi gajere, amma kaina garau yake, kunnena kuwa ya fi yadda kuke zato. Gare ku nake magana ku uku: Abdulmuɗallib babba, Sadiƙa, da autana Hanif. Mahaifiyarku Rekiya za ta ajiye takardar, a karanta muku ita da zarar an dawo daga maƙabarta, kafin a shimfiɗa tabarmar gaisuwa.

Na ɗaya. Gida da gonar Beli da shanu da abin da ke cikin rumbu, malamai su raba yadda Allah ya ce. Ba ni da bakin magana a nan, ku ma ba ku da shi. Ba wanda yake bi na bashi, waɗanda nake bi kuwa na yafe musu tun ina da ƙarfin zuwa kasuwa. Mahaifiyarku ta zauna a ɗakinta har iyakar rayuwarta, kada wanda ya kawo mata zancen tashi.

Na biyu. Maganar aikin Hanif, wadda ta raba kanku tun bayan babbar sallah. Yaron nan ya gama karatun harkar kuɗi, wurare biyu suka kira shi. Ɗaya babban banki ne a Legas, sashen da ake saye da sayar da dala da hannun jari, da albashi mai tsoka. Ɗayan kuma ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa na wasu samari a Abuja, ba albashi, sai kaso daga abin da aka ci. Abdulmuɗallib ya ce banki. Sadiƙa da mijinta Halliru suka ce kamfani. A kan wannan Abdulmuɗallib ya daina taka Rogo inda Sadiƙa take aure, Sadiƙa kuma ta zo duba ni ta wuce yayanta a zaure ko sannu babu. Abin takaici, a cikinku ba wanda ya tambayi yaron abin da yake so. Kowa tuwon gabansa yake hange.

Ni na zaunar da shi na ce ya yi mini bayani, ya kuwa yi, don Hanif ba ya mini ƙarya. A banki zama zai yi gaban allon kwamfuta, ya sayi dala da safe ya sayar kafin la'asar, bai taɓa ta da hannunsa ba, bai ga fuskar wanda ya saya ba. Ranar da naira ta faɗi, in dai hasashensa ya yi daidai, ranar ake tafa masa. A ranar nan kuma kuɗin buhun taki yake tashi a ƙauyen Yammedi, mutum ya koma gida da kuɗinsa a aljihu ya rasa yadda zai yi da masararsa. Ga kuɗin ruwa kwance a ƙarƙashin komai. In kuma ya kasa kawo musu abin da suka yanka masa, saƙon waya ɗaya ya isa a sallame shi. Na tsufa a ciniki, na ci riba na sha faɗuwa, amma cinikin da murnarsa take ranar kukan maƙwabci, wallahi ƙyamarsa nake ji.

Da farko zuciyata ta karkata ga kamfanin, don na ji an ce hatsi za su yi, ba kuɗin ruwa, ba wani oga a kansa. Ashe gudun gara ne za a faɗa gidan zago. Za su ba manomi kuɗi farkon damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a yanka farashin buhu yana cikin yunwa, da kaka su zo su kwashe, su ɓoye sai bazara su sayar ta waya. Sun raɗa wa abin wani dogon suna na Turanci. Mu nan ba-da-kaka muke ce masa, kuma tun ina yaro ba a ba mai yin sa 'ya cikin daɗin rai. Da idona na ga wani bawan Allah a Beli yana tsaye a masussuka ana loda dawarsa a mota, matansa suka koma gida da ƙaiƙayi a ƙwarya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ka kuma tambayi kanka, Hanif, masu digiri sun ƙare ne a Abuja da sai kai? Sitona na bakin kasuwa suke so, da sunana. Sun san manomin Beli ko na Yammedi zai dangwala yatsa a kan kowace takarda in aka ce masa ɗan Alhaji Liti ne ya kawo ta.

Na uku. Saboda haka siton nan na fitar da shi daga cikin sulusin da shari'a ta ba ni, na mai da shi waƙafi. Manomi ya ajiye amfanin gonarsa a ciki kyauta har farashi ya yi masa, kada talauci ya sa ya zubar da shi da kaka. Liman da dattawan kasuwa su riƙe makulli, ba ɗayanku ba. Sunana kuwa ba ya cikin gado. Mutane ne suka ba ni shi saboda mudun da ban taɓa tauyewa ba, ba kuma wanda na bar wa ya yi jingina da shi.

Na huɗu. Ranar da aka dawo da ni daga asibiti kun zaci barci nake. Na ji Halliru a bakin ƙofa yana gaya wa Sadiƙa cewa zaman makokina ne zai tara manoman Karaye da Rogo wuri ɗaya, ba lokacin da ya fi shi dacewa a karɓi lambobin wayarsu, tunda so yake ya zama wakilin kamfanin a nan. Sadiƙa, 'yata, ba ki tsawata masa ba, cewa kawai kika yi ya rage murya. Na juya fuskata bango. Kai ma Abdulmuɗallib kada ka yi murmushi, don na ji ka kana tambayar ƙanenka ko bankin zai ba da rance a kan gonar Beli, ina kwance ina numfashi. Tir da wannan hali, ban san inda kuka samo shi ba. Na hana a yi zancen ciniki ko a karɓi lambar kowa a wurin makokina. Wanda ya zo gaisuwa ya sha ruwa, ya yi mini addu'a, ya tafi da mutuncinsa.

Na biyar. Hanif, ka durƙusa a gabana ka ce in sa maka albarka a kan ɗaya daga cikin biyun. Ga amsar yanzu. A kasuwa ka tashi, ka san abin da mai kaya yake cewa idan tayi bai yi masa ba: albarka. Ba ya zagi, ba ya faɗa, kayansa kawai yake janyewa. To da bankin da kamfanin, abin da na ce musu ke nan, albarka. Ɗana bai yi arhar haka ba.

Amma na san kai ba buhu ba ne da zan ɗaure bakinka in ajiye, kuma dole ka ci abinci. In ka zaɓi banki, ka tambayi malamai, ka nemi sashen da babu kuɗin ruwa, ka kuma yi wa kanka tanadin ranar da za su gaji da kai. In ka zaɓi zaman kanka, ka sayi hatsi da kaka a farashin ranar, hannu da hannu, ka tuna manomin wani gari ma uban wasu ne. Sharaɗina ɗaya ne: kai za ka zauna a ƙofar gida ka karɓi gaisuwa har a yi addu'ar bakwai. Ka ba kowane manomi hannu, ka ji kaushin tafinsa, ka dubi idonsa. Bayan nan ka zaɓa.

Na shida. Abdulmuɗallib, kai ne babba, kai za ka fara zuwa Rogo, zumunci a ƙafa yake. Sadiƙa, ki tarbi yayanki da ruwa da sakin fuska. Halliru na yafe masa, ku ma ku yafe masa, uban jikokina ne. Kada aikin yaro ɗaya ya sa mahaifiyarku ta riƙa karɓar gaisuwar sallah kashi-kashi. Ku riƙe ta, ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a gidan nan tare ko da sau ɗaya ne a shekara.

Na rubuta wannan cikin fushi, amma ba zan tafi da shi ba. Allah ya shirye ku, ya tsare cikinku daga haram, ya haɗa kanku bayan raina. Allah ya yi muku albarka. Wannan ta uba ce, ba ta kasuwa ba.