Zuwa ga Yaya Ishaku, Mai Tace Sinadarin Gilashi

Yayana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ƙanwarka ce Rifkatu, daga Kafanchan. Tun da aka binne ka a Turai, babu ɗayanmu a bakin kabarin, ban iya rubuta sunanka ba sai yau.

Makon jiya na ga ma'aikata suna haƙa rami a gefen titin Kachia, suna shimfiɗa wayar intanet, irin mai zaren gilashi a ciki. Na sauka daga mota ban kai inda za ni ba. Na yi ta kallo har wani ya tambaye ni ko lafiya.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Muna yankan citta a tsakar gida, Mama ta ce ka bayyana mata aikinka da Hausa. Ka ce wani sinadari ne mai kama da ruwa, da shi ake yin gilashin. Kana dafa shi, ka tare tururin, ka sake dafawa, har sai babu ɓurɓushin ƙarfe ko danshi, domin ƙazanta kaɗan tana shanye hasken da ke ɗaukar magana. Mama ta yi dariya har da hawaye. "Ashe duk karatun nan giyar ogogoro kake dafawa!"

Ba ka gaya mana cewa in sinadarin ya sha iska yakan zama hayaƙi mai cin huhu ba. Matarka ce ta faɗa daga baya: bututu ya fashe, ka fita, ka sake komawa ka jawo abokin aikinka. Da ka kira ni daga asibiti kana tari, ka ce mura ce. "Kar ki tayar wa Mama hankali."

Tun rasuwarka Mama ta daina zuwa zumuntar mata a coci, gonar cittar ma ciyawa ta cinye. Abu ɗaya ta roƙa, a nemo mata mutumin da ka ceto.

Ran Lahadi ya kira. Ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Turanci. Yana ta magana yana kuka, ita kuwa ta manna wayar a kunne. Da ya gama ta miƙo mini. "Numfashinsa lafiya lau," in ji ta. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Yaya, Ubangiji Yesu ya ba ka hutawa, ya riƙe mana Mama, ya raya mutumin nan ya ga jikokinsa.

Taka ƙanwa,
Rifkatu