Kwana Bakwai na Dilo

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga 'yata Mubina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki a can Ibadan. Allah Ya ƙara basira, Ya sa ki gama lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ɗalibaina suna jarrabawa, ruwa ya sauka sau biyu, amma mutane ƙalilan ne suka yi shuka.

Na ga saƙonki kina tambaya a kan anza saboda bincikenki, na kuwa ji daɗi ƙwarai. Ɗauki biro. Anza ɗan itace ne da ba kasafai yake wuce tsayin mutum ba, yana son fako da gindin suri. Ganyensa kauri gare shi, kore shar ko da tsakiyar rani. 'Ya'yansa curi-curi suke fitowa, in sun nuna su yi rawaya, a tsotsi zaƙinsu. Ƙwayar ciki ita ce dilo, kuma ita ce abincin, amma ɗanyarta ɗaci da dafi. Sai an fasa, an jiƙa kwana bakwai ana sauya ruwa kullum, sannan a dafa kamar wake. Na jinkirta amsa ne domin wadda ta koya mini wannan, kakarki Inna Uwani, ba ta hannunmu a lokacin. Ki yi haƙuri, mun ɓoye miki.

Ranar wata Talata da hantsi 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu na bayan Runka a kan babura. Kawunki Yero suka fara samu a bakin rijiya, suka harbe shi a ƙirji, guga na hannunsa. Armaya'u mijin Ma'u ya fito da sanda, suka sare shi da adda a kafaɗa, ƙashi a waje. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka kora mata tara cikin daji, har da Inna da ƙanwarki Ma'u da cikinta wata shida. Da Inna ta kasa sauri, ɗaya ya buga mata gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka zube.

A can, tafin garin masara ake ba kowace a wuni. Inna ta ce da aka tura su ɗebo ruwa ta hangi anza ta nuna, sai ta ji kamar ta ga 'yar uwa. Suka tsotsi 'ya'yan, ta fasa ƙwayar da dutse, ta jiƙa a yankakkiyar jarka, ta ƙulle saura a ɗankwali ta tura cikin jiƙaƙƙen yashin rafi. Rana ta uku Ma'u ta kai hannu cikin jarkar, yunwa ta ci ƙarfinta. Inna ta kwaɗa mata mari, ta ce gara yunwa ta kwana da ita da a binne ta da abin da ke cikinta. Samari biyu masu gadinsu suka gani, suka zaci wani daɗi ake ɓoyewa. Suka tattake Inna, suka ƙwace jarkar, suka dafa da gishiri da barkono mai yawa suka cinye. Da bindiga suka tashi, ba tsohuwar da ta taɓa zaunar da su ta koya musu. Inna ta ce ta ga suna ci, ta kama bakinta. Kafin la'asar suna birgima, amai da zawo, ko bindiga ba sa iya ɗagawa, manyansu kuma sun fita. Matan suka bi rafi, kwana biyu suna tafe, har wani mai a-kori-kura ya tsince su. Takwas suka iso. Hansatu matar liman ta faɗi a hanya, Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Yero.

Yanzu suna gidana. Armaya'u yana asibiti a Katsina, an ce hannun zai tsira. Ƙullin nan na cikin yashi kuwa Inna ba ta baro shi ba. Nan ta cika masa kwanakinsa a ƙwarya, ko da yake akwai tuwo a gidan, ta dafa da man gyaɗa ta ajiye gaban Ma'u, ta ce yanzu ta ci. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ta ce in gaya miki, in za ki rubuta wa malamanki, ki rubuta bakwai, kada ki rage ko ɗaya.

Inna da Ma'u suna gaishe ki, haka gwaggonki Zulaihat da Jabir. Ki gaida abokiyar ɗakinki Ramlat. Ki saka mu a addu'a.

Ni ne kawunki,
Malam Tayyib.