Katangar Yaya Sani

Juma'a, 10 ga Nuwamba, 1989. Unguwar Shanu.

Yau a labaran talabijin na ga Jamusawa sun hau katangar Berlin da guduma, suna fasa ta suna rungumar juna. Haushi ya sa na tashi na kashe.

Yaya Sani ne ya fara ba ni labarin katangar nan, shekarar da ya dawo daga karatun zanen gine-gine a can. Ya nuna mini hoton wani gida da aka toshe tagoginsa da bulo, ya ce uwa ba ta iya hango 'yarta a tsallaken titi. Har idonsa ya kawo ruwa. "Binta, mutanen nan ba su da imani," in ji shi.

To, shi ne da hannunsa ya zana wadda ta raba gidan Baba biyu bayan rabon gado. Ranar Talata magina suka gama. Ta bi ta jikin ɗakin Inna, ta toshe tagar da take leƙen 'ya'yansa.

Ɗazu na kai mata tuwo, na same ta zaune cikin duhu. Ta ce, "Ina jin muryar yaran. Sun ci abinci kuwa?"

Na ce sun ci. Wallahi ban sani ba.